Darasi na 14: Shirin hawan dutse da kwana a bisansa

Mutumin Damagaram ba baƙon dutse ba ne. Yaran Birni suna hawan duwatsun unguwarsu da hantsi, su sauko kafin azahar. Amma hawan da za a kwana a bisa, shirinsa daban ne. Wanda zai hau duwatsun Kutus ko na Muniyo a yankin Gure, ko ya yi nisa har Bagzan a ƙasar Abzin, duk abin da zai ci, ya sha, ya rufa da shi, a bayansa yake. A hanyar hawa babu kanti, babu mai shayi, wani wurin ma waya ba ta kamawa.

A fara da zaɓen lokaci. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, dutse ya ɗau wuta har tafin hannu ba ya iya dafa shi. Da damina kuma dutse yana santsi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ruwa

Ruwa shi ne kayan da ya fi kowane nauyi, kuma shi ne wanda ba a ragewa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mai hawa yana bukatar lita 4 zuwa 5 a yini don sha kawai, ban da shayi da alwala. Ke nan tafiyar yini biyu da kwana ɗaya tana cin kusan lita 10 ga mutum guda. Wannan kaya ne babba, shi ya sa mutanen Bagzan suke ɗora wa jakuna. In akwai jakin haya a gindin dutsen, kada ka ji ƙyashin kuɗinsa.

Kada ka zuba ruwanka duka a jarka ɗaya. Raba shi gida biyu ko uku, don in ɗaya ta fashe a kan dutse saura ya tsira. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai kama ka ba. In fitsarinka ya yi ja, ko kanka ya fara sara, jikinka ruwa yake nema: nemi inuwa, ka dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, ka sha. Idan wani ya ce maka akwai rijiya ko gulbi a bisa, tambaye shi yaushe rabonsa da wurin. Ruwan da aka gani bara ba lalle a same shi bana ba. Wanda ka samu kuma, tafasa shi kafin ka sha. In ruwa ya yi ƙaranci, addini ya sauƙaƙa, sai a yi taimama.

Sanyi

A nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci, don mun saba da zafi. Karanta wannan hira:

"Kawu, bargon nan ya cika mini jaka. In bar shi?"

"A'a, ɗana. Fitar da rediyon, ka bar bargon."

"Ai jiya da dare ko riga ban sa ba."

"A tsakar gida ka kwana, katanga ta tare maka iska. Can bisa babu katanga."

Kawun yana da gaskiya. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, ita ce wuri mafi tsawo a Nijar, alhali Damagaram ba ta kai mita 500 ba. Ga iskar hunturu kuma da asuba. Don haka ka ɗauki bargo, rigar sanyi, safa, da rawani ko hula mai rufe kunne. Ka ɗauki tabarma ko buhu na shimfiɗa, domin dutse yana zuƙe ɗumin jikin wanda ya kwanta a kansa. Rigar da ka yi gumi a ciki, cire ta kafin magariba ka sa busasshiya.

Guzuri da sauran kaya

Guzuri ya zama marar nauyi wanda ba ya lalacewa: kilishi, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, cuku, garin rogo da sukari. Ganyen shayi da ƴar buta. Sai tocila da batiri na ƙari, ashana a cikin leda, wuƙa, igiya, sanda, da ƙyalle mai tsabta na ɗaure rauni. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada ya manta da shi. Takalmi kuwa ya zama rufaffe wanda ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmi yana sa ƙafa ta yi kanta, silifa yana zamewa.

Wajen shirya jaka, bargo a ƙasa, ruwa a tsakiya daf da bayanka, tocila da dabino a bisa inda hannu zai kai. Goya ta ka zaga unguwa tun ana gobe tafiya. In ta gajiyar da kai a kan titi, rage kaya, amma ba ruwa ba.

Kafin ka fita

Kada ka tafi kai kaɗai. Faɗa wa iyalinka dutsen da za ka hau da ranar dawowarka. In ka isa ƙauyen gindin dutse, je ka gaida maigari, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora. Mai zuwa Abzin ya tambayi hukuma halin tsaron hanya tukuna.

Ka fara hawa bayan sallar asuba, ka isa masauki tun la'asar, don ka ga inda za ka shimfiɗa. Kada ka kwana a cikin ƙorama ko da busasshiya ce, ruwan da aka yi nesa yakan iso da dare. Da safe ka kakkaɓe takalmi saboda kunama. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a sauko da shi gidan likita.

Aiki

1. Mutum 3 za su yi yini biyu, kowa yana shan lita 5 a yini. Lita nawa za su ɗauka? Kilo nawa ke nan?
2. Rubuta kaya biyar da za ka sa a jakarka saboda sanyi.
3. Rubuta saƙon da za ka bar wa iyalinka: sunan dutsen, abokan tafiya, da ranar dawowa.