Kai Dattijo Mai Ciwon Ƙafa Grand Canyon

Sau da yawa idan Hajiya ko Baba suka zo Amurka, sai a bar su a gida da jikoki, wai ƙafarsu ba za ta iya yawo ba. Gandayen dajin gwamnatin tarayya sun tanadi masu wahalar tafiya, kuma Grand Canyon, babban kwazazzabon da ke jihar Arizona, yana cikin mafi sauƙi, domin ganinsa ba ya buƙatar sauka cikin kwazazzabon.

Ku nufi gefen kudu, wato South Rim. Bas ɗin da ke zagaya wurin kyauta ne, yana ɗaukar keken guragu. Amma ga abin da da yawa ba su sani ba: a bakin ƙofar shiga ko a ofishin baƙi, ku nemi takardar izinin shiga da motarku saboda mai lalura. Da ita za ku bi Hermit Road, hanyar da ake rufe wa motocin jama'a daga Maris zuwa Nuwamba, ku tsaya duk inda tsohon yake so ba tare da hawa da saukar bas ba. Filin ajiye mota na naƙasassu kuwa sai da alamar da jiharku ta bayar, wadda ake ratayawa a madubi. Wurin tsayawa kallo na Mather Point da hanyar ƙafa ta Trail of Time a shimfiɗe suke, keke yana bi lafiya.

Akwai katin shiga gandayen ba tare da biyan kuɗi ba mai suna Access Pass, kyauta har tsawon rai ga mai naƙasa ta dindindin, ana karɓarsa da takardar likita. Sai dai na ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin. Hajiyar da ta zo da bizar ziyara ba ta ciki, kada ku je kuna jayayya da ma'aikaci a ƙofa.

Abin da ya fi kamata ku kula shi ne tsayin wurin. South Rim yana kusan mita 2,100 sama da teku, iska ba ta da kauri, mai hawan jini ko ciwon zuciya kan yi haki da 'yar tafiya kaɗan. A tuntuɓi likitansa kafin a tashi, a tafi da ruwa mai yawa da rigar sanyi, ko da rani ne, domin da rana ta faɗi sanyi yake sauka.