Yadda na gyara karbiratan injin ban-ruwanmu

Injin da muke jawo ruwa da shi a lambunmu na Jiratawa ya koma ba ya tashi sai an rufe cok, wato marfin da ke rage iskar da ke shiga injin, da an buɗe kuma ya mutu. Wannan alamar esansi ne ba ya isa, iska ta yi masa yawa.

Ban taɓa kwance karbirata ba, wato wurin da esansi ke haɗuwa da iska kafin su shiga injin, don haka na shimfiɗa farin ƙyalle, na riƙa ɗaukar hoton kowane yanki da waya kafin in cire shi. Na rufe famfon esansi, na kwance kofin ƙasan karbiratan. Laka ja da ɗigon ruwa ne kwance a ciki, ladar man kwalba da ƙurar hunturu. Jiklar tsakiya, ɗan tagullan nan mai ƙanƙanin rami, ta toshe ɗam. Na jiƙa ta a esansi, na zura silin waya mai laushi guda, na hura da famfon keke. Kada a sa allura, tana buɗa ramin, injin ya koma shan mai. Na share allurar fulota, wadda ke tsayar da mai idan kofin ya cika, na sauya robar kofin da ta bushe.

Ja biyu ya tashi, cok a buɗe. Yanzu da ƙyalle nake tace mai kafin in zuba.