Ga masu son komawa wasan babur na hawa duwatsu bayan shekara 40

'Yan'uwa, wanda ya rabu da wasan nan tun samartaka kuma yanzu yake son komawa, don Allah kada ya fara da babur mai 300cc. Na zamani ba irin na da ba ne. Nauyinsu wajen kilo 70 ne kawai, kulocinsu na kamawa nan take, kana ɗan murɗa totur tayar gaba ta tashi sama. Mai 250 ya isa, har da saura.

Kai yana tuna komai, gwiwa da damtse ne suka manta. Saboda haka ku bar duwatsu tukuna. Ku sami shimfiɗaɗɗen fili, ku tsaya kan matakan ƙafa, gwiwa a sake, ku riƙa zana lamba 8 a giya ta ɗaya, yatsa ɗaya a kuloci, ɗaya a birki. Abin da gundura, na sani, amma nan daidaito yake dawowa. Da zarar hannu ya sage, a sauka a huta, domin a gajiye ake yawan faɗuwa.

Iskar taya kuma a rage: kamar psi 4 a baya, 6 a gaba.

In babur ya karkace, ku sa ƙafa ƙasa ba kunya. A gasa makin laifi ɗaya za a rubuta muku, faɗuwa kuwa biyar ce.