Yadda na sa Jellyfin a wifin gidanmu, aka daina cigiyar kile

A gidanmu da ke Bukoki, kile guda (ta USB, mai ɗauke da finafinai) ce ke yawo tsakanin ɗakin Inna, falo da wajen yara. Ranar da ta ɓace da bidiyon bikin ƙanwata a cikinta na ce abin ya isa. Na ɗauko tsohuwar kwamfutar cinya da ƙura ta rufe, na sa mata Jellyfin, manhajar kyauta da ke mai da kwamfuta rumbun finafinai ga duk na'urar da ke kan wifin gida. Ba sai ka buɗe asusu wajen wani kamfani ba, kuma kallon cikin gida ba ya taɓa kuɗin intanet ɗinka.

Ta cinya na zaɓa saboda batirinta: in kuran ya ɗauke ba ta mutuwa nan take. Sai dai kada ka bar ta a kan wifi. Nemi kabul mai kan RJ45 (a Katako na samu nawa), ka soka shi a ramin LAN na akwatin intanet, sannan ka shiga saiti ka hana ta barci idan an rufe murfinta.

Adireshi shi ne inda gizo ke saƙar. Akwatin yana raba wa na'urori lamba ta DHCP kamar mai rabon kujera a wajen biki, wanda ya riga zuwa ya zauna inda ya samu. Wuta ta tafi ta dawo, kwamfutar na iya samun sabuwar lamba, tele kuma tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ka juya akwatin, a ƙarƙashinsa akan rubuta adireshin shiga da kalmar sirri. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.1.1. Shiga sashen DHCP, ka ɗaure lambar MAC ta kwamfutar (lambar shaidar da akwatin ke gane ta da ita) da adireshi guda, misali 192.168.8.50. In akwatinka ba shi da wannan zaɓi, rubuta adireshin da hannu a kwamfutar, ka ɗauki lambar da ba ta cikin waɗanda yake rabawa. Daga nan buɗe burauzar waya ka rubuta 192.168.8.50:8096 (8096 ɗin lambar ƙofar Jellyfin ce). Shafin Jellyfin ya fito, ka haye.

In bai fito ba, duba Windows ɗin kwamfutar tukuna: ka nuna mata cewa wannan layin na gida ne, ba na jama'a ba, in ba haka ba katangar tsaronta za ta tare kowa. Wayar da ke kan wifin baƙi ma ba za ta ga komai ba.

Ni abin da ya cinye mini kwana biyu daban ne. Bangon siminti na kashe wifi, don haka tun bara ƙanena ya ƙara akwati na biyu a ɗakina, ya soka kabul ɗinsa a ramin WAN, wanda aka tanada don shigowar intanet daga waje. A can na fara jona kwamfutar. Ashe akwatin ya kafa tasa daula, yana rabon nasa adireshin, telen falo kuwa ba ta da hanyar shiga. Maganin bai kai minti biyar ba: na kashe DHCP ɗinsa, na ba shi 192.168.8.2, na mai da kabul ɗin ramin LAN. Gida ɗaya, mai rabo ɗaya.

Sai zafi. A watan Afrilu Yamai na wuce digiri 40, kuma in tele ba ta gane nau'in bidiyo ba, kwamfutar ce ke sauya shi yayin da ake kallo, fankarta ta yi ta kuka. Ajiye finafinanka a MP4 mai H.264, kusan kowace na'ura na karanta shi kai tsaye. Kwamfutata a kan bulo biyu na ɗora ta don iska ta ratsa.

Jellyfin na leƙa intanet don ɗauko hoto da bayanin kowane fim, to ka kashe wannan a jakar wa'azi da ta bukukuwa. Ni ban kashe ba da farko, sai ga bidiyon sunan ɗana ɗauke da hoton wani Bature riƙe da bindiga. Inna ta daɗe tana kallon allon kafin ta juyo ta ce, "Kai, wannan kuma daga dangin wa yake?"