Yadda Kirista Zai Auna Dokar Hukuma da Lamirinsa

Asalin matsayin Kirista game da hukuma shi ne biyayya. Manzo Bulus, a sura ta 13 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya umarci masu bi su yi wa mahukunta biyayya, su biya haraji, kuma ya rubuta wannan ne a zamanin Nero, sarkin Roma, wanda ba shi da wata alaƙa da bangaskiyar Kirista. Saboda haka bin dokar hanya ko biyan haraji ba ya jiran sai mai mulki ya zama mutumin kirki.

Idan wata doka ta dame ka, ka fara tantance irin damuwar. Shin tana tilasta maka aikata zunubi ne, ko tana hana ka abin da Allah ya umarta, ko kuwa nauyi kawai ta yi maka? Yawancin ƙorafe-ƙorafenmu, in za a faɗi gaskiya, na ukun ne. Ikilisiyar da aka ce ta rage ƙarar lasifika da dare saboda maƙwabta ba ta da hujjar kiran hakan tsanani, domin ba a hana ta sujada ba. Tun da lamiri kan iya kuskure, sai ka kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya kafin ka yanke hukunci kai kaɗai.

In ta tabbata umarnin zunubi ne, ƙa'idar ita ce abin da Bitrus da sauran manzanni suka faɗa wa majalisar Yahudawa a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa dole a fi yi wa Allah biyayya a kan mutane. Amma akwai tsari. Daniyel, da aka kai shi bauta Babila, bai fara da bijirewa ba a kan abincin sarki da ya ƙudura ba zai ƙazantar da kansa da shi ba. Roƙo ya yi cikin ladabi a gwada shi da ganyaye da ruwa na kwana goma. Bulus ma ya yi amfani da haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A Najeriya, sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi 'yancin tunani, lamiri da addini, kuma kotu na nan don wannan.

Idan hanyoyin nan sun ƙare, ka ƙi abin da ya saɓa kaɗai, a fili, ka ci gaba da sauran aikinka. Akawun da shugabansa ya miƙa wa takardar biyan kuɗin kwangilar da ba a yi ba zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, wannan kam ba zan iya sa hannu ba," ya rubuta dalilinsa a fayil, gobe kuma ya zo ofis a kan lokaci. Ya kamata ya shirya wa abin da ka iya biyo baya, ko canjin wurin aiki ne ko jinkirin ƙarin girma, ya kuma ajiye kwafin abin da ya rubuta a wurinsa.