Yadda Za A Taimaki Uwa Ko Uba Mai Tunanin Kashe Kansa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara, kuma tun da masana suka fara bin diddigin wannan musiba suke lura cewa masu 'ya'ya ba su cika faɗawa cikinta kamar marasa 'ya'ya ba. Masanin zamantakewa na ƙasar Faransa, Emile Durkheim, ya nuna haka tun a 1897. Wani bincike da aka yi a Denmark aka wallafa a 2003 ya ƙara tabbatar da shi, ya kuma gano cewa kariyar ta fi ƙarfi ga mata, musamman masu ƙananan yara. A Taiwan ma, inda aka duba bayanan mata sama da miliyan ɗaya aka fitar da sakamako a 2010, an ga haɗarin yana raguwa gwargwadon yawan haihuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya san akwai bakin da ke jiran sa, akwai mai kuka idan ya ɓace, yana da abin da ke riƙe shi a duniya.

Sai dai wannan magana ce ta jimilla, ba ta kowane mutum ɗaya ba. A Sakkwato, inda da wuya a sami magidanci ko matar aure da ba ta da 'ya'ya, babban kuskuren da dangi ke yi shi ne su ce wance mai yara biyar ba za ta taɓa aikata haka ba, sai su kawar da kai daga abin da ke gabansu. Haihuwa kaɗai ba ta kare kowa. Abin da ke karewa shi ne shaƙuwa da jin cewa ana da amfani, kuma ciwon damuwa yana iya juya wannan jin gaba ɗaya, har uwa ta yarda a ranta cewa ita ce nauyin da ya kamata a sauke wa yaranta.

Matakin farko shi ne sanin lokutan da kariyar ke yin rauni. Na gaba-gaba shi ne jego. Yawancin masu jego suna ɗan fama da kuka da saurin fushi a kwanakin farko, kuma wannan yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ta daina barci ko da jariri ya yi barci, ta daina cin abinci, ta ce ba ta jin son jaririn ko ba ta iya komai ba, to ciwon damuwa ne, wanda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna yana taɓa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu a ƙasashe masu tasowa. Al'adarmu ta wankan gida da zaman kwana arba'in tare da uwa ko gwaggo gata ce babba, amma hankalinmu yakan tafi ga ruwan zafi da kunun kanwa da ragon suna, ba mai tambayar abin da ke ran mai jegon. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke sa yarinya ta yi shiru, a ɗauka kawaici ne alhali ciwo ne.

Mutuwar ɗa ita ce ta biyu, kuma binciken Denmark ɗin nan ya nuna haɗarin ya fi tsanani a makonnin farko bayan rasuwar. Mu kuwa da an yi sadakar bakwai masu gaisuwa sukan watse, daidai lokacin da kaɗaici ke fara aikinsa. Sai mutuwar aure, musamman idan an raba uwa da 'ya'yanta an hana ta ganin su. Ga maza, abin yakan zo ta ƙofar cefane: bashi ya yi yawa, jari ya karye, ko 'yan bindiga sun kori mutum daga gonarsa a yankin Isa ko Sabon Birni ya dawo cikin gari yana kallon yaransa da yunwa ba shi da abin ba su. Irin wannan uba ba ya kuka a gaban mutane; fushi ne ke fitowa, ko ƙaurace wa majalisa da masallaci, ko fara shan ƙwaya. Kada kuma a manta da matar da ba ta haihu ba, wadda ke shan gori daga kishiya da dangin miji.

Mataki na biyu shi ne sauraron abin da mutum ke faɗa. Kalmomin sanannu ne: "Na gaji da duniyar nan." "Gara in mutu in huta." "Yaran nan sun fi samun sauƙi in ba ni." Ta ƙarshen ita ce mafi hatsari a bakin mahaifi. Haka nan wanda ba ya ciwon jiki kuma ba tafiya zai yi ba, amma ya kira ƙanensa ya ce masa ga amanar yara, ya shiga rabar da kayansa yana bin mutane da neman gafara. Neman gafara halin kirki ne ga Musulmi, amma idan ya zo kwatsam bayan watanni na baƙin ciki, tare da wata natsuwa da ba a san dalilinta ba, to abin tsoro ne, ba alamar sauƙi ba.

Idan an ga haka, a tambaya kai tsaye. Mutane da yawa suna tsoron cewa ambaton abin zai cusa wa mutum tunaninsa, amma bincike ya nuna ba haka ba ne. Sau da yawa ma tambayar ce ke sa mutum ya sami sararin numfashi. A zaɓi wanda ba a jin nauyinsa sosai, kamar aminiya, ko gwaggo, ko kawu, ko abokin ƙuruciya, a keɓe inda yara da kishiya ba sa ji, a ce: "Yaya, na ga kwanan nan ba ka barci, ba ka cin abinci, kuma na ji abin da ka faɗa jiya. Don Allah ka gaya mini gaskiya, kana tunanin kashe kanka ne?" Daga nan sai a yi shiru a saurara, ba tare da salati da tafa hannu ba.

A nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi ɓata lamari. Abin da ke fara zuwa baki shi ne "ki dubi 'ya'yanki" ko "ba ka tsoron Allah?" A ganina duka biyun ba su dace su zama maganar farko ba. Wadda ciwo ya riga ya gamsar da ita cewa ta cuci yaranta, idan aka ce ta dube su, laifi ne aka ƙara mata. Haramcin kashe kai kuwa babu wanda ya tashi a Sakkwato bai san shi ba, kuma ayar da ta hana, a Suratun Nisa'i, ta ƙare ne da cewa Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. Alƙur'ani ya ba mu labarin Nana Maryam da naƙuda ta tsananta mata har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, kuma amsar da ta samu ita ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ta ci ta sha. Abin da ya fi amfani shi ne a ce: "Na ji ki, ba ke kaɗai ba ce, kuma wannan ciwo ne da ake magani." Kada a yi alkawarin rufe sirri, domin dole wani babba a gidan ya sani.

Daga wannan lokaci kada a bar mutumin shi kaɗai, dare ko rana, kuma a kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. A gidajenmu abin da ya fi kusa da hannu shi ne maganin feshin gona da na ƙwari da na ɓera, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na kashe kai a duniya ta wannan hanya yake faruwa. Tsananin tunanin yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci, saboda haka kwado ɗaya a ƙofar rumbu ko kai kayan zuwa gidan maƙwabci yana iya zama abin da ya tsare rai. Idan an riga an sha guba, kada a ɗura manja ko madara, kada a tilasta amai. A ɗauki mutum da kwalbar abin da ya sha a garzaya asibiti mafi kusa.

Magani yana nan kusa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, akwai kuma sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma wanda ke ƙauye yana iya farawa da asibitin ƙaramar hukumarsa a tura shi gaba. Sunan Kware yana tsorata mutane, amma galibin masu ciwon damuwa likita suke gani su karɓi magani su koma gida a ranar. Mai jegon da ta rikice cikin kwanakin farko, tana jin muryoyi, tana sambatu, ko tana zargin za a cutar da jaririnta, tana buƙatar likita a ranar, ba gobe ba, kuma wani ya kasance tare da ita da jaririn koyaushe. Wannan yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, ana yawan ɗora shi kan iska, kuma yana jin magani sosai. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, matuƙar ba a ɗaure mutum ko dukan sa ba, kuma ba a sa ya bar magani ba. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, akwai kuma wanda mai shayarwa za ta iya sha, don haka a gaya wa likita ana shayarwa maimakon a yaye yaro ko a ajiye maganin a ɓoye.

Makonnin farko bayan an sallami mutum daga asibiti, ko bayan yunƙurin da bai yi nasara ba, suna cikin mafi hatsari, kuma a lokacin ne dangi ke sakin jiki. A raba aikin da suna: wance za ta kwana da jariri don uwar ta yi barci, wane zai riƙe kuɗin makaranta na wannan zango, wane zai je ya nemi mai bin bashi ya ɗaga ƙafa, wane zai raka shi ganin likita ranar da aka sa. Yaran kuma kada a kwashe su gaba ɗaya a kai wani gari sai in likita ya ga akwai haɗari a gare su. A rage wa uwa wahalarsu, amma a bar ta tana ganin su, tana yi musu wanka ko kitso idan ta ji ƙarfi, tare da wani babba a kusa.