Zamanin Ƙarfe na ina? Kurakuran da aka fi yi wajen shigar da sunan zamani a rumbun bayanan tarihi

Babban kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rubuta "Zamanin Ƙarfe" a gurbi ya wuce abinsa kamar ya gama magana. To na ina? A Ingila ana ƙirga shi daga wajen shekara 800 kafin miladiyya zuwa 43 miladiyya da Romawa suka shigo, amma a Denmark da Sweden ya zarce haka da ɗaruruwan shekaru, ita kuwa Ireland Romawa ba su taɓa mulkarta ba balle a ce mata "zamanin Romawa". Wannan rabon zamanai gida uku na dutse, tagulla, ƙarfe ma Christian Thomsen ne ya fito da shi a Denmark, aka buga a 1836, kuma kayan Turai yake jerawa. Yawancin Afirka kudu da Sahara daga dutse aka tsallaka zuwa ƙarfe, in ka cusa musu Zamanin Tagulla don fom ɗinka yana da gurbinsa ka ƙirƙiro abin da babu ke nan. Gyaran shi ne kowane sunan zamani ya zo da yankinsa, farkonsa, ƙarshensa, da wanda ya yanke haka. Aikin da PeriodO, wani kundin intanet na ma'anonin sunayen zamanai, yake yi ke nan, bai ce wane ne ya yi daidai ba, kowace ma'ana yana ba ta lambarta da tushenta.

Sai barin kowa ya buga abin da ya ga dama. Wani ya rubuta a cike, wani ya taƙaita, wani ya saka alamar tambaya a ƙarshe, ita kwamfuta kuwa ba ta san duk abu ɗaya ba ne, ka nemi wurare ta kawo maka rabi ka ɗauka shi ke nan. A yi jerin sunaye guda wanda ake zaɓa daga ciki, kowanne da lamba da ba ta canzawa, a haɗa shi da irin jerin Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, ko AAT, kundin kalmomin fasaha da gine-gine na cibiyar Getty. Amma don Allah kar a goge abin da mai haƙo kayan tarihin ya rubuta tun farko, a ba shi gurbi nasa daban. Gobe fahimta za ta canza, in an goge ba mai dawo da shi.

Shekaru kuma nan ne ake tafka ta'asa ba a sani ba. BP, wato "shekaru kafin yanzu", ba daga yau ake ƙirga shi ba, daga 1950 ne. Sakamakon gwajin kabon (na gano shekarun abu) da ba a daidaita ba shi ma ba shekarar kalanda ba ce, amma sai ka ga an zuba su layi ɗaya da waɗanda aka daidaita ba ko alama. Ga batun sifili: a ƙirgar miladiyya daga 1 kafin miladiyya sai 1 miladiyya, babu shekara sifili, amma ISO 8601, ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata, tana da 0000, wato in ba a lura ba duk shekarun baya za su goce da ɗaya. A rubuta tsarin da aka bi, har da kalandar, Hijiriyya ce ko Miladiyya.

Gurbin da aka bari fanko da wanda aka rubuta "ba a tantance ba" ba ɗaya ba ne, na farko ba wanda ya duba, na biyu an duba an rasa. Kuma tudun da mutane suka zauna a kai zamani uku kar a matse shi cikin suna ɗaya, a bar gurbin ya karɓi ukun, kowanne da hujjarsa, kasko ne aka samu ko gawayi aka gwada.